Visual Pinball X da rigimar gangarar tebur: ba digiri kaɗai ba ne

Jama'a, duk wanda ya ce muku abin da ke hana finbol ɗin kwamfuta yin kama da na gaske gangarar tebur ce kawai, wai a ƙara digiri ɗaya shikenan komai ya gyaru, to ku ce masa ya sauke Visual Pinball X ya murɗa lambar da hannunsa ya gani. Manhajar kyauta ce, kuma tana sakar maka gangarar a hannu ka rubuta duk digirin da ranka ke so, shi ya sa a nan ne ya fi dacewa a raba wannan gardamar. Bari in faɗi hukuncina tun yanzu kar in ja ku da nisa: a wajen sa ƙwallo ta yi halin ƙarfe ban ga wadda ta kamo ƙafarta ba, amma fa gangara ba ita ce mai kaso mafi tsoka a wannan aikin ba, kuma kafin ka fara jin daɗinta sai ka ɗan ji jiki.

Wanda bai gane finbol ɗin da nake nufi ba, ka tuna gem ɗin nan na cikin Windows XP, 3D Pinball Space Cadet, wanda ake bugawa a kafe in netwok ya tsaya ana jiran shafi ya buɗe. To shi ne. Asalinsa tebur ɗaya ne aka ciro daga Full Tilt! Pinball na 1995. Sai dai shi zane ne kawai mai daɗin wasa, babu injin gaske da yake kwaikwayo. Na gasken akwati ne dogo mai ƙafa huɗu da gilashi a sama, a ciki akwai katako mai faɗin inci 20 da ɗoriya, tsawon kuma inci 42 zuwa 46 gwargwadon kamfani da zamani, an ɗaga bayansa sama yadda ƙwallo za ta dinga gangarowa wajenka, kai kuma kana kare ta da ƴan sandunan nan biyu na ƙasa, wato filifa.

Ƙwallon ƙarfe ce zalla, kaurinta wajen milimita 27, nauyinta wajen giram 80, kamar ƙwayar boris ce da ta ci ta ƙoshi. Injinan zamani, irin na kamfanonin Williams da Bally na shekarun 1990 da na Stern na yanzu, ana saita su ne a wajen digiri 6.5, wasu su kai 7. A ƙasan kowace ƙafa akwai noti da ake murɗawa a ɗaga ko a sauke, wasu injinan ma har da ƴar kwalba mai ruwa da kumfar iska a kusa da inda ake harba ƙwallo, don mai injin ya duba ya ga ko ya kai. Tsofaffin kuwa na kafin ƙarshen shekarun 1970, masu ƙararrawa da lambobi masu juyawa, su a wajen digiri 3.5 aka ƙera su. Wannan bambancin a riƙe shi, zan dawo kansa.

Toh yanzu a yi lissafi kaɗan, ba mai yawa ba wallahi. A digiri 6.5 kusan kashi 11 cikin ɗari ne kawai na nauyin ƙwallon ke jan ta zuwa ƙasan tebur, sauran ƙarfin yana danne ta ne a jikin katako. Kuma tunda mirginawa take ba zamewa ba, wani ɓangare na ƙarfin yana tafiya a juyin da take yi. In ka saki ƙwallo daga tsaye ta mirgina mita ɗaya ba ta taɓa komai ba, a 6.5 za ta ɗauki wajen sakan 1.59, a digiri 7 kuma wajen 1.53. Ka ga bambancin? Ko ƙiftawar ido bai kai ba. A 3.5 ne za ka ga ta haura sakan 2, nan kam kowa zai lura. To in mutum ya ce "ƙwallon nan shawagi take kamar ba nauyi" a teburin da aka saita a 6, rabin digirin da yake nema ba shi ne zai warkar masa da ciwon ba, wani abu ne daban ke damunsa bai gano ba.

Ita Visual Pinball ba sabuwa ba ce. Randy Davis ne ya fitar da ita a 2000, aka buɗe lambobinta ga kowa a 2010, sigar X ɗin kuma da ake kira VPX ta fito a ƙarshen 2015. Ba kamfani ke yin teburan ba, masu sha'awa ne ke zama su auna injin gaske su zana shi, sannan wata manhajar mai suna PinMAME ta gudanar da ainihin ƙwaƙwalwar injin, wato dokoki da sauti da rubutun allo duk na asali ne. Lissafin motsin ƙwallo kuma sau 1000 take yinsa a sakan guda. In ka buɗe tebur a wajen gyara ka shiga ɓangaren fiziks za ka tarar da akwatin gangara guda biyu, ɗaya na mataki mafi sauƙi ɗaya na mafi wuya, sai lambar wahalar wasa ta zaɓi wani wuri a tsakaninsu. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, su canja ɗaya su bar ɗaya su dawo suna cewa ba abin da ya canja. In kana so ka tabbatar da digirin da kake kai, rubuta lamba iri ɗaya a duka biyun ka huta.

Teburin da na fi so a yi gwajin da shi Attack from Mars ne, na Bally na 1995, ƙirar Brian Eddy, saboda fili ne fetal a tsakiya, filifa biyu kacal, babu tarkacen da zai ɓoye maka halin ƙwallo. Sa shi a digiri 5 ka gani. Gadojin nan biyu na hagu da dama, wato hanyoyin da ƙwallo ke hawa sama ta zagayo, sai su zama ruwa, ko da bugun rabin ƙarfi ƙwallo ta haye, sai ka fara jin kai wani ne. Amma ka bugi alluna ukun nan na tsakiya da ke tare jirgin baƙin duniyar Mars, ƙwallo ta dawo, maimakon ta sauko maka sai ta tsaya yawo, ta taɓa robar hagu mai harbi, ta harba ta dama, ta dama ta mayar, tana ta kai da kawo a kwance kana kallo ba abin da za ka iya, can sai ta sulale ta lungun gefe ta faɗa rami. Mayar da shi 8 kuma labari ya juya, yawon gefe ya ragu sosai, ƙwallo tana saukowa kai tsaye, amma duk bugun da bai cika ba a gada sai ta hau rabi ta tsaya ta juyo da baya, kuma juyowar nan tsakanin filifa biyu take nufa da gudu. A 6.5 zuwa 7 ne abubuwan biyu ke daidaita, gada tana neman bugu mai kyau, ƙwallo kuma ba ta zama mai yawon banza ba.

Kenan maganar da ake yi wai tebur mai kwanciya ya fi sauƙi, ba haka take ba gaba ɗaya. Ya fi ba ka lokacin tunani, eh, amma ya fi kashe ka ta gefe. Masu shirya gasa a injinan gaske sun san wannan, shi ya sa in suna so wasa ya gajarta ba ɗaga ƙafar baya kaɗai suke yi ba, suna buɗe lungunan gefe, wani lokaci su cire robar ƴan sandunan da ke bakin lungun, su kuma tsananta abin kama mai girgiza inji. Kuma ba VPX ce ta fara ba mutane saitin gangara ba, Pro Pinball: Big Race USA na 1998 ma yana da shi, amma a tebur ɗaya ne tak.

To in ba gangara ba, me ke sa ƙwallo ta yi kamar tana shawagi?

Na farko kyamara. Wannan shi ne babban ɓarawon da ba a zargi. Tebur dogo ne, sikirin ɗin laftof kuma a kwance yake, dole a karkatar da hoton a matse can saman don ya shiga, sai rabin teburin na sama ya koma ɗan siriri, ƙwallo ta yi tafiya mai tsawo a can amma a idonka ɗan taƙi ta yi, sai ka ga kamar tana rarrafe, da ta iso kusa da filifa kuma sai ka ga kamar an harbo ta. A VPX karkatar kyamara daban, gangarar fiziks daban, ba ruwan ɗaya da ɗaya, amma ido ba ya rabewa. In kana da monita da za ka iya juya ta a tsaye, juya ta ka sa teburin ya cika ta, ba tare da ka taɓa ko lamba ɗaya ba za ka rantse an ƙara wa ƙwallon nauyi. Shi ya sa masu kuɗin abin ke haɗa akwati sukutum su kwantar da talabijin mai inci 40 da wani abu a ciki.

Na biyu sikirin ɗin kansa. A hoto 60 cikin sakan, a ce ƙwallo na gudun mita 3 a sakan, tsakanin hoto da hoto ta yi tsallen santimita 5, kusan ninki biyu na kaurinta. In kuma talabijin ka jona ba ka sa ta a yanayin gem ba, sai ka danna filifa ta amsa a makare, kai kuma ka ɗora wa tebur laifi ka ce ya cika tsayi. Ɗan uwa ba tebur ba ne, talabijin ɗinka ce.

Na uku, kuma a nan ne VPX ta yi wa saura fintinkau, roba da filifa. Filifar gaske kwayil ne ke fizgo ta da cikakken ƙarfi, da ta kai ƙarshe sai ƙarfin ya ragu ya koma na riƙewa kawai, shi ya sa in ƙwallo mai gudu ta faɗo kan filifar da ke ɗage sai ta ɗan dusa ƙasa ta shanye bugun. Robar jikinta kuma ba tsalle iri ɗaya take bayarwa ba, bugu mai ƙarfi ta fi cinye shi fiye da mai taushi. Teburan da aka yi da gyaran fiziks ɗin da ake kira nFozzy, musamman na ƙungiyar VPin Workshop, sun bi waɗannan ƙananan abubuwan ɗaya bayan ɗaya. Ga gwajin da nake yi wa kowane tebur: in ƙwallo tana saukowa kan filifar hagu da matsakaicin gudu, kar ka danna komai, cire hannunka. A injin gaske za ta daki robar ta yi tsalle ɗaya ta tsallaka dama, kai kuma ka ɗaga ta dama ka tare ta ta kwanta a kusurwa, ka numfasa, ka zaɓi inda za ka buga. A teburin VPX mai kyau haka take yi, tsallen gajere mai nauyi, har da ƴar ƙarar "tub" ɗin roba. A mara kyau kuwa ko ta manne ta sulale rami, ko ta yi sama kamar an buga ta. Tebur in ya faɗi wannan gwajin, ka sa masa digiri ko nawa ne ba zai zama na gaske ba.

Mu da injin gaske ba ya kusa da mu, ma'auninmu bidiyo ne, kuma ya wadatar. Akwai bidiyoyin koyarwa na PAPA, wata ƙungiyar gasar finbol, a YouTube da gwanin finbol Bowen Kerins ke bugawa, kyamara daga sama take kallon teburin. Buɗe na teburin da kake so a waya, ka ajiye kusa da kwamfuta, ka kalli abu ɗaya kawai: in ƙwallo ta sauko daga gada ta biyo layin ciki, wato ɗan lungun da ke kai ta kan filifa, yaya saurinta kafin ta kai bakin filifa. Wannan ɗan gajeren mirginen ya fi komai tona asirin gangara da santsin katako, don babu bugu a ciki, nauyi ne kawai ke aiki.

Af, akwai kuma akwatin ƙarfin jan ƙasa a ɓangaren fiziks ɗin VPX, wasu sai su ƙara shi wai ai duk ɗaya ne da gangara. Ba ɗaya ba ne. Gangara na ƙara jan da ke kawo ƙwallo wajenka ne, shi kuwa wancan har dannewar da take yi wa katako yake ƙarawa, sai ta daina ɗan tsallen da take yi in ta daki allo da ƙarfi. Ka bar shi yadda mai teburin ya sa.

Wani abin kuma da gangara ba ta gyarawa shi ne tsabar daidaito. Injin gaske ba ya taɓa zama cif, ƙafa ɗaya ta ɗan fi ɗaya, roba ta tsufa, katako ya yi datti, ramin da ke tofo ƙwallo yau ya tofo nan gobe ya ɗan kauce. Kwamfuta kuwa in ba a hana ta ba, abu ɗaya za ta dinga maimaitawa har ka haddace. Wannan shi ne abin da aka daɗe ana faɗa a kan gem ɗin The Pinball Arcade na kamfanin FarSight, teburan sun yi kyau amma dawowar ƙwallo ta cika zama iri ɗaya, shi ya sa makin da ake ci a can ya wuce hankali. VPX na da lambar warwatsawa da ke ɗan kautar da ƙwallo kaɗan a kowane karo, ƙaramin abu ne amma shi ke hana ka yin barci.

Dole in kwatanta da gem ɗin Pinball FX, don shi ne mafi yawan mutane za su fara cin karo da shi. Na Zen Studios ne da ke Budapest a Hungary, su suka karɓi lasisin Williams da Bally a 2018 bayan ya bar hannun FarSight, suka fara da teburan Fish Tales da Medieval Madness da Junk Yard da The Getaway. Fish Tales ma kyauta suke ba da shi, saura ka saya. Gaskiya aikinsu tsaf yake, ka sauke ka danna ka fara wasa, akwai allon gasa da mutanen duniya, kuma in ka zaɓi yanayin ƙwararru ƙwallon tana da nauyi ba a lallaɓa ka. Amma a teburan Williams ɗin nasu ba ka da akwatin da za ka rubuta digiri, abin da suka dafa shi za ka ci. Ban ga laifinsu ba, in kowa zai kwantar da teburinsa ai allon maki ya zama shirme. A yanayin yau da kullum kuma ƙwallon ta fi biyayya, tarewa ta fi sauƙi, fadar Medieval Madness sai ka yi ta rushe ta ba gumi. Daɗi kam akwai, sai dai hannun da ya saba da wannan zai sha mamaki ranar da ya taɓa na VPX.

Yanzu ɓangaren jin jikin. VPX ba a sauke ta a fara wasa. Ka sa manhajar, ka je shafin VPUniverse ko na VPForums ka yi rajista, ka sauko da tebur, ka nemo fayil ɗin ƙwaƙwalwar injin daban ka jefa shi a jakar da ta dace a dunƙulensa ba tare da ka kwance shi ba, kuma sunan sai ya yi daidai da wanda teburin ke nema, in ba haka ba saƙon kuskure ne zai tare ka. Su waɗannan fayilolin mallakar kamfanonin ne ba na masu zana tebur ba, shi ya sa ba a haɗa su tare. Karon farko da ka kunna teburin Williams sau da yawa allo zai rubuta maka cewa an mayar da saitin masana'anta ya tsaya cak, ba lalacewa ba ce, danna F3 ya sake tashi. Sai 5 ka jefa kwabo, 1 ka fara, Enter ka harba, Shift biyu su ne filifa. Sababbin teburan masu kyan haske wani ya haura megabayit 200 ko 300, mai sayen data da awo ya sani, kuma tsohuwar laftof mara katin hoto za ta yi ta shiƙar numfashi, ƙwallo na tsalle-tsalle, a wannan halin kuwa maganar kama da gaske ta ƙare.

Sannan ba duk tebur ne mai kyau ba, tunda kowa na iya yi ya ɗora. Inda na fi ganin aika-aika shi ne tsofaffin injinan nan na digiri 3.5. Sai ka ga an ɗauki irin su El Dorado na Gottlieb na 1975, wasan da aka gina shi a kan natsuwa da auna alluna masu faɗuwa ɗaya-ɗaya, an bar shi a gangarar injin zamani, ƙwallo na zubowa kamar ana korar ta. A irin wannan kam gangara ce matsalar, kuma nan ne akwatin ke da rana, sauke shi ƙasa ka ga yadda teburin zai dawo hayyacinsa. Amma teburin da ƙwararru suka riga suka auna, taɓa masa gangara na iya ɓata wasu abubuwan, don ƙarfin filifa da na ramukan tofowa duk a kan wannan lambar aka gwada su, ka ƙara digiri ɗaya sai ka ga ƙwallon da ya kamata ta faɗo kan filifa tana faɗawa tsakiya.

Inda kibod ya gaza gaba ɗaya shi ne girgiza. A injin gaske da jiki ake wasa, ka ɗan tura akwatin ka kautar da ƙwallo daga lungu, a ciki kuma akwai ɗan ƙarfe a rataye cikin zobe, in ka wuce gona da iri ya taɓa zoben filifa su mutu. Wannan iya hannun na cikin abin da ya raba finbol da caca, ai birnin New York haramta shi ya yi daga 1942 har 1976, sai da Roger Sharpe ya buga a gaban ƴan majalisar birnin ya nuna musu gwaninta ce. A VPX kuwa maɓallan Z da / da sifes (Space) ne, turi ɗaya ƙarfi ɗaya, babu a hankali babu da ƙarfi, sai in ka haɗa akwati mai na'urar jin motsi.

Mai son farawa ya ɗauki Attack from Mars ko Medieval Madness na masu gyaran nFozzy, ya kwafi fayil ɗin ya ajiye ɗaya gefe kafin ya taɓa komai, ya fara gyara kyamara da sikirin tukuna. In bayan haka har yanzu yana jin ƙwallon ba ta sauri, to ya ƙara 0.3 ko 0.5 a akwatunan biyu, kar ya wuce 7.